Tayoyi Shida da Na Sauke wa Wana Hamidu

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka fito da wana Hamidu daga cikin rijiya. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ni tsohon direba ne, ƴar makarantar da na yi ba ta wuce ta karanta allunan hanya da takardun duwan, wato kwastan, ba, kuma duk shekarun nan na gwammace mutane su ɗauka ƙarancin boko ne ya hana ni. Tsoro ne ya hana ni. Yau ma tsoron ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin ɗansa Sha'aibu, wanda yake ɗan shekara bakwai a lokacin, ya girma ya gaji sana'ar uban, ya kai ga irin dutsen da uban ya kai, kuma an jibge masa tsofaffin tayoyi a bakin rami.

Ƙauyenmu yana bayan Babankatami, a kan tudu. Wanda ya san Adar ya san halin ƙasarmu. Sai ka haƙa gaba goma lafiya lau, rannan diga ta yi tsalle ta dawo maka. Dutse ne shimfiɗaɗɗe, wanda muke kira fa, ruwa kuma yana ƙarƙashinsa. Gidanmu gidan masu haƙar rijiya ne tun kakanni. Hamidu ya gaji mahaifinmu, ni kuwa na gudu na bi mota, don ko leƙa rijiya na yi sai jiri ya kwashe ni. Duk sanda na dawo daga tafiya sai ya tare ni da tsiya: "Ibro, kana tsoron ramin da ka zaune wuri guda, kat tahi ka hau ƙarhen da ka neman rami da gudu."

Gajere ne kakkaura, mai ƙarancin magana da yawan cin tuwo. Yakan ɗanɗani ƙasar da aka fito da ita ya faɗi saura kwana nawa a ga danshi, kuma da wuya ya kuskure. Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne Hamidu ba mai ganganci ba ne. Kowace safiya sai ya bi igiyarsa da yatsu daga wannan baki zuwa wancan. Ya sha sallamar mai riƙon igiya saboda kawai ya ga yana hira da ƴammata masu wucewa.

Akwai yadda iyayenmu suke yi da fa. A tara busasshen itace a ƙasan rijiya, a cinna wuta, ta ci har dutsen ya yi jawur, sannan a sheƙa masa ruwa ya tsattsage. Daga nan a bar ramin ya kwana. Washegari a ɗaure rassan bedi, wato dogon yaro, masu ganye a igiya, a yi ta sauke su ana ja, wato a yi wa rijiya fifita. Abu na ƙarshe, a kunna fitilar ƙwai a zura ta har ƙasa. In ta mutu, iskar ba ta da kyau, ba mai sauka. In ta dawo da wutarta, bismilla. Da wannan mahaifinmu ya yi shekara arba'in yana shiga yana fita, ya rasu a kan gadonsa.

A shekarar da nake magana, itace ya yi wuya. Ƴan gandun daji sun hana saran ɗanye, kuma suna da gaskiya, busasshen kuwa mata sun riga kowa. Rijiyar da Hamidu yake haƙa wa ƙauyenmu ta tsaya a gaba goma sha huɗu. Mako uku yana dukan dutsen da dagi da guduma, abin da yake fitowa da shi a yini bai cika ƙwarya biyu ba. Hannuwansa duk sun fashe.

Ni lokacin ina ɗaukar albasa daga Madawa zuwa bakin teku. A dawowa nakan ɗora tsofaffin tayoyi a saman kaya, in sayar wa masu yanka takalma da masu ɗinka guga. A kan wannan doguwar hanya ana tambayar takardar komai, har ta buhun gishiri, amma ba wanda ya taɓa tambayata ina za ni da tayoyin. Can kudu, a wata mafasar dutse, na ga ana ƙona taya a kan dutse yana darewa. Na ga abin a fili, a sararin Allah, inda iska take kwashe hayaƙi. Ban yi tunanin bambancin fili da rami ba. Na iso gida ina ji da kaina, na sauke masa guda shida a bakin rijiya.

Ya zagaya su, ya kankari ɗaya da farce, ya shinshina. Ya ce, "Wanga abu ba icce ba ne, Ibro. Ban san halinai ba."

Na yi masa dariya a gaban mutane. Na ce duniya ta ci gaba ta bar shi a rami, na ce wuta ai wuta ce. Ya dube ni, ya dubi hannuwansa, ya ce to.

An cinna wutar da hantsi. Baƙin hayaƙin da ya tashi har masu zuwa kasuwar Karofane sun ce sun hango shi. Da la'asar aka sheƙa ruwa, muka ji dutsen yana ƙara daga ƙasa, mata suka yi guɗa, ni kuma ina ta karɓar sannu kamar ni na halicci taya. Hamidu bai yarda da kwana ɗaya ba, ya ce a ba rijiyar kwana biyu tunda baƙon abu ne. Rana ta uku da safe aka yi fifita har hannuwa suka gaji. Ya zura fitila, ta dawo da wutarta. Ya sake zura ta, ya bar ta can ƙasa kamar tsawon sallar raka'a biyu, ta sake dawowa tana ci tas. Sannan ya yi bismilla ya sauka.

Da ya isa ƙasa ya kwance igiyar daga ƙugunsa, kamar yadda ake yi don a riƙa zura guga. Muka ji muryarsa cike da murna: "Ya hwashe! Wallahi ya hwashe!" Muka ji dagi sau uku ko huɗu. Can ya ce kansa yana sara, a ba shi ruwa. Kafin a ɗaura buta a igiya, ya yi shiru. Aka kira, aka sake kira. Wani maƙwabcinmu ya jiƙa rawani ya toshe hanci, aka ɗaure shi aka zura, ya samu ya zarga wa Hamidu igiya, shi ma da ƙyar aka jawo shi yana amai. Ni, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, ina tsaye ina kallo. Ban ce a ɗaure ni ba. Wannan ma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai makon jiya, ko da yake duk wanda yake wurin ya gani.

Da aka shimfiɗe shi, fuskarsa ba ta canza ba, leɓɓansa ma har sun fi kullum ja, kamar mai barci bayan ya ƙoshi. Shi ya sa tsofaffi suka ce mutanen ɓoye ne, an taɓa musu gida. Sai bayan sadakar bakwai, da na je garin Buza, majo, wato babban ma'aikacin gidan likita, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce taya ba ta mutuwa da wuri kamar itace, takan yi kwanaki tana ci a hankali ƙarƙashin tokarta, tana fitar da wata guba da ba a gani, ba a jin warinta. Ya ce gubar nan ba ta kashe wutar fitila, mutum take kashewa. Hamidu bai tsallake ko ɗaya daga abin da aka koya masa ba. Gwajin da ya tsare gidanmu tun kakanni, na itace ne, ni kuma na kawo abin da gwajin bai sani ba.

Ba wanda ya ɗora mini laifi. Matarsa Dije ta yi takaba, ta ci gaba da gaishe ni kamar da, tana aiko mini da fura in na sauka. Bayan wata guda wasu suka kwashe tokar da wayoyin tayar, suka ƙarasa aikin, ruwa ya fito mai daɗi. Har gobe daga nan ƙauyenmu yake sha.

Nakan tambayi kaina abin da Hamidu zai ce da zai ga Adar ta yau. A zamaninsa sai ka nemi tsohuwar taya. Yanzu motoci da babura sun cika ko'ina, tayoyin da ake shigowa da su ma da yawansu sun riga sun tsufa a wata ƙasa, ba sa daɗewa sun gama. Ga su a kan rufin kwano, ga su kewaye da ƴan itatuwa, ga su bayan rumfar kowane mai faci sun fi katanga tsawo, da damina su cika da ruwa sauro ya yi gari a ciki. Mahauta na babbaka kai da ƙafa da su. Mata na yanko ɗan zirin roba su hura murhu, jariri a goye. Ina jin da zai zagaya ya shinshina, ya maimaita abin da ya faɗa mini, don har yau ba mu san halin abin nan ba, mun dai saba da ganinsa.

Bara, a garin da muke cin kasuwa, wani tarin tayoyi ya kama wuta kusa da turken dabbobi, aka yi yini biyu ana fama. Bayan haka ofishin magajin gari ya fitar da doka. A kwashe tarin daga cikin unguwanni, wanda zai ajiye ya killace ya rufe kafin ruwa ya sauka, ba ƙonawa a cikin gari, motar da za ta ɗauka kuma sai da takarda. Da na ji, na tafi takanas na karanta sanarwar a jikin bango, har da ƴar ƙwalla. Na ce ga abin da ya kamata a yi tun ina kan hanya. Sai da na kai ƙarshe na lura da abin da babu. Na shiga na sami wani matashin ma'aikaci mai ladabi, na ce masa, to, in an kwashe, a kai su ina?

Ya ce, "Waje da gari, Baba."

Wajen gari kuwa mu ne. Dokar ta faɗi inda taya ba za ta zauna ba, ba ta faɗi inda za ta ƙare ba. Takardar ma ta mota ce, amalanken jaki ba ruwansa da ita. Masu tarin da aka ba wa'adi suka sayar da masu ɗan kyau, sauran da waya ta leƙo, waɗanda ko mai takalmi ba ya so, suka riƙa ba da su kyauta ga duk mai amalanke. Ranar kasuwa da yamma ka tsaya a bakin gari ka gani: buhun hatsi, jarkar mai, sai taya biyu ko uku a sama, sun nufi ƙauyuka. Ban ce masu dokar sun yi mugunta ba. Sun share ɗakinsu ne, sharar ta biyo ta ƙofarmu. Da za a ji ta bakin tsohon direba, da an keɓe wuri ɗaya sananne da za a riƙa kai su, da kuma an sa a rediyo, da Hausa da Buzanci, cewa kada a ƙona taya a cikin rami ko da fitila ta ce lafiya. In akwai injin fasa dutse a wani ofishi yana kwance, a riƙa ara wa ƙauyuka. Na faɗa wa matashin haka, ya rubuta a takarda, ya yi mini godiya.

Makon jiya Dije ta zo gidana da kanta da rana tsaka. Shekara goma sha tara ba ta taɓa roƙona ko allura ba. Ta zauna a bakin tabarma ta ce Sha'aibu yana haƙa wa wani ƙauye rijiya ta wajen Keita, ya kai ga fa a gaba goma sha biyu, kwamitin rijiyar kuma ya samo tayoyi amalanke guda. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ka tahi ka yi mishi magana. Kai ka san abin."

Ta tashi ta tafi.

Na hau kabu-kabu washegari. Tun daga nesa na hango su a jere kusa da tulin ƙasa, na ƙirga tara. Sha'aibu yana zaune a inuwar bedi yana bin igiya da yatsu. Ba wanda ya koya masa wannan, bai isa koyo ba sanda uban ya rasu. Muka gaisa, na ja shi gefe, na faɗa masa komai. Na ce ni na kawo tayoyin, ni na yi wa ubansa dariya har ya yarda, kuma da ya yi shiru a ƙasa ban sauka ba. Ina magana ina jiran ya tashi ya bar ni.

Ya ce, "Na sani, Baba. Tun ina kiwon awaki yara sunka hwaɗa mani."

Ya sani, kuma duk sallah yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ni. Na rasa inda zan sa fuskata.

Sai ya nuna mini hanyar da ta gangara kwari. Mata ne a jere da jarkoki a kan jakuna, wasu a ka, sun fita tun asuba sai yanzu suke dawowa. Ya ce in da dagi zai bi dutsen nan, ruwan sama zai riske shi, ramin kuma ba a ɗaure shi da siminti ba, zai rufta, aikin rani guda ya tafi. Ya ce shi zai ba rijiyar kwana huɗu maimakon biyu. Na ce masa majo bai faɗi adadin kwanakin ba, domin ba wanda ya sani, taya tara kuma ba taya shida ba ce. Na ce ubansa ya fi shi lura, ya fi shi sanin rami, kuma ga inda lurar ta kai shi. Daga ƙarshe dabara ta ƙare mini, na kama hannunsa ina kuka a gaban mutanen da ban sani ba, na ce ya dubi Allah ya dubi uwarsa.

Sannan ya ce, "Na ji, Baba. Ba ni sauka." Ya tashi ya fara naɗe igiyarsa.

Shugaban kwamitin, wani dattijo mai farin gemu, ya matso. Ba mugun mutum ba ne, surukarsa mai ciki tana cikin matan da suka wuce da jarka a ka. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi wa mamaci addu'a, sannan ya ce, "Mun ji, Allah shi jiƙan musulmi. Amma dutsen ga, in ba an yi mishi ta Hamidu ba, ba shi hwashewa."

Na ce, ta wa?

Ya ce ta Hamidu, ai haka ake ce wa ƙona taya a rijiya. Bai san wane ne Hamidun ba. A wurinsa suna ne kawai, kamar yadda ake ce wa wani irin gero da sunan wanda ya fara kawo shi. Sha'aibu ya tabbatar mini daga baya cewa daga Urno har bayan Keita haka masu haƙa suke kiranta. Labarin ya yaɗu cewa wani Hamidu ya fasa fa da taya, ruwa ya fito. Rabin labarin da ya rage, shi bai yi nisa ba.

Na sha zama ina lissafin abin da wana ya bari. Nakan ce ya bar ruwan da ƙauye guda yake sha, ya bar ɗa mai kunya da haƙuri irin nasa, ya bar matar da ta riƙe baki shekara goma sha tara don kada zumunci ya lalace. Duk wannan yana nan, kuma ina roƙon Allah ya kai masa ladan. Amma abin da ya fi nisa da sunansa shi ne abin da shi kaɗai ya yi shakkarsa, abin da ni na ɗora masa. Mutumin da bai taɓa wasa da ran kowa ba, yau da sunansa ake zura ƴaƴan mutane cikin guba. Da da adalci, da ta Ibro ake cewa.

Kafin mu bar wurin na ji dattijon yana gaya wa wani mai babur ya tafi wajen Karofane, akwai wani mai haƙa a can, a ce masa ya zo ranar Alhamis. Na koma na sake roƙonsu, suka ba ni haƙuri kamar yadda ake ba tsohon da baƙin ciki ya taɓa. Na je ofishin magajin gari, aka ce ƙauyen ba a ƙarƙashinsu yake ba, kuma dokar ta cikin gari ce.

Ranar Alhamis zan zauna a mararrabar da ta shiga ƙauyen tun da hantsi, in tare duk wanda na gani da diga da igiya a bayan babur. Ban san fuskarsa ba, ban san sunansa ba, ban san ko zai tsaya ya saurari wani tsoho a bakin hanya ba. In mai karanta wannan yana da ɗan'uwa mai haƙar rijiya a wajen Karofane, don girman Allah ya kai masa maganar kafin ranar.

Dije ta aiko mini da godiya, ta ce na fidda ta kunya. Ban iya amsa mata ba. Domin a ranar, da na ga Sha'aibu ya ɗora kayan aikinsa a kan babur, na yi hamdala da ƙarfi, kuma har cikin raina na ji daɗi, alhali da kunnena na ji an aika a kirawo ɗan wani.